Akwatin su Zembla da ya fito daga ƙarƙashin gado a Tanut

Jama'ar Damargu, na gida da na nesa: mutanen Tanut, Belbeji, Gangara, Tarka, Ollelewa, Falanko, da waɗanda neman abinci ya kai Agadas, Arlit, Kano ko Libiya suna bin wannan shafi ta waya. Yau dai mun ajiye maganar farashin tiyar hatsi da ramukan hanyar Damagaram. Wani akwati ne ya tayar mana da tsohon tsumi, muka ce bari mu ba ku labari.

Damanar bana ruwa ya tsaga bangon ɗakin tsohuwar ɗayanmu a nan Tanut, aka shiga fitar da kaya don a yi gyara. Can ƙarƙashin gado, bayan tarin kwanonin da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, sai ga akwatin ƙarfen da abokin namu ya yi koleji da shi. Makulli ya ɓace tun zamanin Kunce, sai da aka sa guduma. A sama akwai kayye biyu na lissafi da wani bik da ya bushe. A ƙasa kuwa, ɗaure cikin tsumman atamfa, littattafan zane ne guda 23. Gara ta ɗauki rabonta, ta ratsa tsakiyar wasu ta yi hanya, amma da yawa suna nan ana iya karanta su.

Da dare ya kinkimo akwatin ya kawo fada. Mu shida ne a wannan fada, ƙaraminmu ya haura hamsin, akwai mai jikoki, akwai mai ciwon gwiwa, akwai wanda ya je Makka sau biyu. Wallahi da aka kwance tsumman nan, shayin farko ƙonewa ya yi a kan gawayi, ba wanda ya waiwaye shi. Kowa ya miƙa hannu. Akim. Zembla. Kiwi mai ɗauke da Blek. Strange guda huɗu, Spécial Strange ɗaya wanda bangonsa ya tafi, Kouakou uku. Kafin ma ka buɗe, warin takardar ya riga ya mayar da kai baya: warin ƙura da kananzir da gumin hannun yara.

Ga ƴan baya da ba su san abin ba, littattafai ne da ake ba da labari da zane, gida-gida kamar gurbin dara, maganar kowane mutum tana fitowa daga bakinsa cikin wani ɗan kewaye. Bede muke ce musu, daga sunansu na Faransanci. Ƙananan, irin su Akim da Zembla da Kiwi, baƙi da fari ne, su shige aljihun wandon kaki ba wanda ya sani. Manyan, irin su Strange, masu launi ne, su ke ɗauke da jaruman Amurka masu tashi sama da masu yawo tsakanin taurari. Sai da muka girma muka san asalinsu. Akim ƴan Italiya ne suka ƙirƙiro shi a 1950, Roberto Renzi da Augusto Pedrazza, ya shiga Faransanci a 1958. Blek ma daga Italiya ya fito a 1954. Wani gidan ɗab'i mai suna Lug a birnin Liyon na Faransa shi ya fitar da Zembla a 1963, shi ne kuma ya fara buga Strange a watan Janairun 1970, yana fassara labaran kamfanin Marvel. A lokacin ba ruwanmu da wannan. Mu dai mun san Zembla na nan a wani daji, in ka yi tafiya mai nisa kudu da Kano wataƙila ka gamu da shi.

Ba mu tashi mun ga kantin sayar da littattafai a Tanut ba, balle Belbeji, wadda a lokacin ƙarƙashin Tanut take, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Kowane littafi da ƙafarsa ya zo. Yayyenmu da ke karatu a lise Amadu Kuran Daga a Damagaram su ne babbar hanya. In bakans ta zo mukan je tasha tarbarsu, su ɗauka kewarsu muke yi, alhali ƙasan jaka muke hari. Su kuma a wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa suke saye, wajen Kasuwar Dole. Kilomita kusan 140 ne tsakaninmu da Damagaram, amma littafin da aka buga a Liyon yakan yi shekara biyar, wani goma, kafin ya iso hannunmu. Sai direbobin manyan motoci masu hawa Agadas da ke yada zango su ci tuwo. Karen mota zai ba ka Akim biyu in ka ɗebo masa ruwan lagireto. Sai kawun ɗayanmu da ke aikin kuku a gidan wani Bature a Arlit: duk abin da ƴaƴan gidan suka gama da shi suka jefar, ya tattara a kwali ya zo da shi lokacin salla. Daga wannan kwalin muka fara ganin Strange. Kouakou kaɗai ke shigowa ta ƙofar gaba, ta lakwal, mushe ya raba da hannunsa.

Akwai ma hanya ta biyar mai ban takaici, takardar ƙosai. Ka sayi ƙosan dala, a ƙunshe maka a shafin da Blek ya ɗaga soja sama zai maka shi da ƙasa, mai ya jiƙa takardar har kana hango abin da ke bayanta. Sau nawa muka roƙi mai ƙosai ta ba mu sauran littafin mu kawo mata tsohon kayye a madadinsa. "Inna, don Allah kar ki yaga wannan." Ta ce, "Ku ƴaƴan nan, aljanun nan ne za su ba ku abinci?"

Da yake abu ne mai wuyar samu, sai ya zama dukiya mai dokoki. Haya dala biyu ce kwana ɗaya, Strange dala biyar. In musaya ce, Strange ɗaya Zembla uku. Ba a naɗe shafi, ba a lasar yatsa, ba a karantawa kusa da fura. Wanda ya ɓatar, an cire shi daga layi har sai ya biya. In bango ya fita mu jiƙa ƙaro mu liƙe, in shafuka suka warware mu kai wa baduku ya ɗinke da zaren da yake ɗinkin laya. Littattafan da ke cikin akwatin nan kusan duk da ɗinkin badukun a gadon bayansu, shi ya sa suka kawo yau.

Ga abin da ya sa muka ga ya dace a yi wannan rubutu. Mu shidan nan, da muka zauna muka yi lissafi tsakani da Allah, babu ɗayanmu da ya koyi son karatu a cikin aji. Aji ya koya mana haruffa, wannan gaskiya ne, kuma muna yi wa malamanmu addu'a. Amma karatun aji da tsoro muka yi shi. Ka tashi tsaye, ka karanta layi uku na harshen da ba a yi a gidanku, ka yi tuntuɓe, bulala. Ka yi suɓul da baka ka yi Hausa ko Tamashek a farfajiya, a rataya maka sambol a wuya, ka wuni kana farautar wanda za ka miƙa wa. Littafin zane kuwa ba ya dukan kowa. Ka ga mutum ya zaro wuƙa, ka ga fuskar abokin gabarsa, ka riga ka san rabin zancen. Sauran rabin yana cikin ɗan kewayen nan, kai kuma kamar ka mutu don son ka ji shi. Haka kawai za ka tsinci kanka kana haɗa baƙi da wasali ba mai tsaye a kanka. Kalmar da ta gagara, ka rubuta a tafin hannu, gobe ka lallaɓa ka duba a Larousse ɗin da ke kan teburin mushe. Kalmomin Faransanci da muka fara mallaka da guminmu su ne na maci amana, tarko, ramuwar gayya, kumbon sama. Ranar dikte sai a ga ƴan bayan aji, masu ɓoye Akim cikin littafin tarihi, sun rage kuskure, a rasa dalili.

Wani mushe da muka yi, Allah ya jiƙansa, guba ya ɗauki bede. Ya kama Zembla bakwai rana ɗaya, ya tara mu a tsakar lakwal ya ƙyasta ashana. Mun yi kuka kamar an yi mana mutuwa, don uku daga ciki na haya ne. Wani kuma, saurayi sabon fitowa daga makarantar horon malamai, in ya ƙwace sai ya ce a zo a karɓa ranar Litinin. Ran Litinin zai miƙo maka, fuska a ɗaure, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ina na gaba da wannan?"

Ba mu ƴan lakwal kaɗai muke morewa ba. Akwai almajirai, akwai ƴaƴan makiyaya da ke sauka bayan gari da rani, akwai masu tallar ruwa da jaki. Bayan sallar isha'i mukan taru a gindin wata aduwa, fitilar ƙwai ɗaya a tsakiya, kawuna goma sha a kanta. Ɗayanmu, wanda yau yake sayar da kayan gyaran babur, shi ne mai fassara. Yana bi da yatsa yana juyawa da Hausa nan take, yana canza murya, in ya rasa kalma ya ƙaga tasa. Masu fassarar finafinai na Kano da ake yayi yanzu, mu mun riga su da shekara talatin, lasifika ce kawai ba mu da ita.

A bakinsa jaruman nan duk suka zama ƴan gida. Mutumin nan mai harba saƙa, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro a 1962, ba mu sha wahalar karɓarsa ba, don mun san Gizo tun a cinyar kakanninmu. Gizo kawai muke ce masa, har wani ƙaramin almajiri ya taɓa tambaya ina Ƙoƙi. Halinsa ma ya fi na sauran kama da namu: maraya ne a hannun wata tsohuwa mai yawan ciwo da mai fassara ya laƙaba wa Gwaggo, kullum ba kuɗi, mai gidan jaridar da yake kai wa hotuna marowaci ne mai faɗa. Iron Man shi ne Mai Sulke, muna kwatanta shi da barade masu lifidi a hawan sallar Sarkin Damagaram. Daredevil, Makaho. Matar nan ta cikin jarumai huɗu da ke ɓacewa, ai layar zana ce da ita, ba wani abin mamaki. Wani tsohon ɗan tauri da ke zama kusa da mu ya taɓa karɓar littafi, ya duba hoton wanda harsashi ba ya huda shi, ya mayar mana ya ce, "To, su ma Nasara sun sha magani ke nan." Gardamar da ta fi zafi kuwa ita ce, in aka haɗa Blek da Kantu na Maraɗi a fagen kokowa, wa zai kai wani ƙasa? Mu ƴan jihar Damagaram mukan ce a bar Kantu, a kawo Langa-Langa. Daren akwatin ma sai da gardamar nan ta tashi.

Wani abin dariya: da muka gane Gizo ya samu ƙarfinsa ne daga cizon gizo-gizon da tururin nukiliya ya taɓa, Makaho ma sinadari irin wannan ne ya zubo masa a ido, sai muka yi namu lissafin. Ai yuraniyom ake haƙa a Arlit tun 1971. Da kawu mai kwali ya zo salla, muka kewaye shi muna leƙen hannuwansa, muna jira mu ga ko zai manne a bango. Ya ce, "Lafiya kuke kallona kamar sabon wata?" Ba wanda ya iya ba shi amsa.

Amma wanda ya fi zama a ranmu ba shi da barkwanci ko kaɗan. Wani ne fari fat kamar azurfa, yana tsaye a kan allo yana ratsa taurari. Surfer d'Argent sunansa a littafi, mu Mai Allon Azurfa muke ce masa, don ba mu taɓa ganin teku ba balle mu san ana hawan igiyar ruwa da katako. Jack Kirby ne ya fara zana shi a 1966. Wani dodo mai suna Galactus, wanda abincinsa duniyoyi ne, ya zo zai cinye duniyarsu. Sai ya ce a bar mutanensa, shi zai zama bawan dodon ya riƙa nemo masa wasu duniyoyin. Ya bar gida, ya bar budurwarsa. Da ya iso duniyarmu ya ji tausayin mutane, ya bijire wa ubangidansa, shi kuma ya hukunta shi da tsare shi a nan, ba halin komawa gida. Shafi bayan shafi yana zaune a kan dutse shi kaɗai yana kallon sama. Da farko haushinsa muke ji, surutu ya yi yawa, faɗa kaɗan.

Sai 1984 ta zo. Waɗanda suka gani ba sa buƙatar a tuna musu. Damana ta ƙi, hatsi ya bushe tun bai yi ciki ba, Damargun da ake kira rumbun ƙasa ta koma tana jiran motar taimako. Nijeriya ta rufe iyaka a shekarar, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran yunwar El-Buhari. Makiyaya suka gangaro daga arewa da ragowar dabbobi, wasu da igiya kawai a hannu. Daga cikin masu zama gindin aduwar nan fiye da rabi suka watse, wasu Damagaram, wasu Kano ta ɓarauniyar hanya, wasu ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. A wannan shekarar mai fassara ya sake karanta mana Mai Allon Azurfa, ba wanda ya ce surutu ya yi yawa. Dodo mai cinye ƙasa ya bar ta fayau, mun gan shi da idonmu. Mutumin da ya bar gida don na gida su rayu, kuma ya kasa komawa, kowannenmu yana da irinsa a cikin dangi.

A cikin Spécial Strange ɗin nan marar bango kuma muka haɗu da Tornade. Baƙar mace ce mai farin gashi, daga cikin X-Men, an ƙirƙiro ta a 1975. Labarin ya ce ta tashi marainiya a titunan Alƙahira, ta ratsa Sahara da ƙafa har Kenya, kuma tana da ikon kiran hadari ta saukar da ruwa a gonakin mutane. Ku auna wannan a zuciyar yaron Tanut a shekarar da aka yi ta fita roƙon ruwa. Wani ƙanenmu ya ce, "Yaya, me ya sa ba ta biyo ta nan ba?" Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Malamin allonmu da ya ji labarin ya ja mana kunne cewa ruwa na Allah ne shi kaɗai, muka ce mun sani, Malam, tatsuniya ce. Mun sani ɗin kuwa. Amma shafukan da take ciki sun fi kowanne baƙin yatsu a littafin, ga su nan a gabanmu.

To, kada daɗin tuna baya ya sa mu yi ƙarya. Da muka sake buɗe Zembla da Akim da idon manya, akwai abin da ya tsaya mana a wuya. Dukansu biyu fararen fata ne da suka tashi a daji, namun daji na yi musu biyayya, su ne sarakan kurmi. Baƙaƙen da ke cikin labarin, yawanci in ba masu ɗaukar kaya ba ne, to masu mashi ne da ke jiran a cece su ko a hore su. Abokin Zembla baƙar fata, Yéyé, ɗan ƙaramin yaro ne da hular soja da ta fi kansa da agogon tebur rataye a wuya, an sa shi don a yi dariya. In muna wasa a kan tudun rairayi kowa Zembla yake so ya zama. Wanda ya fi mu ƙanƙanta da duhun fata shi muke tilasta wa zama Yéyé, sunan kuma ya bi shi har koleji. Yana cikin mu shidan nan. Daren akwatin ya ɗauki littafin, ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Kun san ban taɓa son sunan nan ba?" Shekara arba'in ba mu taɓa tambayarsa ba. Fada ta yi tsit, sai da wani ya tashi ya sake ɗora shayi.

Afirkar da ke cikin littattafan ma ba tamu ba ce. Kurmi ne mai duhu, igiyoyi na reto daga itatuwa, kada a kowane kogi. Mu da muka tashi tsakanin ƙaya da aduwa da rijiya mai gaba talatin, mun ɗauka Afirka wata ƙasa ce can daban. Dubi kuma Blek, ƙato mai hular fata, yana yaƙar sojojin Ingila masu jajayen riguna don ƙasarsa Amurka ta samu ƴanci. Muna tafa masa, muna taya shi ƙin ƴan mulkin mallaka, da harshen waɗanda suka mallake mu. Alhali Kaosen, wanda ya kewaye barikin Faransawa a Agadas a ƙarshen 1916, ɗan wannan yanki ne, kakanninmu sun ga zamaninsa, ba mu taɓa ganin an zana shi gida-gida ba. Sarauniya Mangu ta Lugu ma sai da Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, sannan da yawanmu muka san ta. Kouakou ne kaɗai yaro baƙi mai wayo da ke jan ragamar labarinsa, shi ya sa ko da yake daga Paris ake buga shi tun 1966, muna jin sa kamar ɗan ajinmu. Wani abin da muka gano daga baya, Strange ɗin da muke rububi an riga an tace shi: wata dokar Faransa ta 1949 kan littattafan yara ta sa gidan Lug yana goge wasu naushe-naushe da fuskokin dodanni kafin ya buga.

Yadda abin ya mutu ba dogon labari ba ne. Gidajen bidiyo suka buɗe da janareta, finafinan Indiya da na ƴan karate suka kwashe yara. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi. A 1998 aka daina buga Strange, Kouakou ma ya tsaya a shekarar. Mu kuma mun yi aure.

Washegarin daren akwatin, ƴaƴanmu suka ji labari suka zo gani. Sun san jaruman sarai, sun ma fi mu sanin su, sun gan su a waya suna magana da Hausar Kano, an tura musu a memori da dala ashirin. Har da Black Panther, baƙin sarkin nan da aka yi wa fim a 2018, wanda mu sau ɗaya ko biyu muka taɓa cin karo da shi a takarda. Ɗan autan ɗayanmu, yaro mai kaifin kai, yana ajin ƙarshe na firamare, ya ɗauki Strange ya juya shafuka da sauri, cikin minti biyu ya gama. Ubansa ya ce, "Karanta mana nan, me Gizo ya ce?" Yaron ya sa yatsa, ya fara haɗa haruffa, ya tsaya, ya sake farawa. Layi biyu ne a cikin kewayen. Bai kai ƙarshe ba ya ajiye, ya ce, "Baba, ai akwai fim ɗinsa."

Wannan ya fi ɓarnar gara yi mana ciwo. Ba mu ga laifin yaron ba, ba kuma za mu ɗora wa malaminsa ba, wanda ke fama da aji cike maƙil, wani a rumfar zana, littafi ɗaya hannu biyar. Mu ma ajinmu haka yake ko ya fi. Bambancin, mu muna da abin da muke ƙishirwar karantawa bayan an tashi, shi kuwa duk abin da ransa ke so yana iso masa ta kunne da ido, ba sai ya bi ta haruffa ba. Kuma ku duba gidajenmu. Uban da ya yi kuka a kan Zembla bakwai, yau in ka cire littattafan addini da na makaranta, babu takarda ɗaya a ɗakinsa da yaro zai ɗauka don jin daɗi. Mun sayi waya, muna sayen kati kowane mako, muna zuwa Damagaram mu dawo da atamfa da takalma, ba mu taɓa sako littafin labari a ƙasan jaka ba.

Ƙanwar ɗayanmu da ta ji muna wannan zance ta ƙara mana da nata. A lokacin ba ma barin mata su zauna gindin aduwa. Ita takan saci littafin daga ƙarƙashin tabarmar yayanta da rana, ta karanta a madafa, ta mayar kafin ya dawo. Ta ce ta fi shi sauri, kuma bai musa ba. An cire ta daga lakwal a aji biyar aka yi mata aure. Yau ita ce mai tarin littattafan Hausa na Kano a gidanta, ƴaƴanta mata duk karatu na gudu a bakinsu, don sun ga abin ɗauka. Ta ce, "Yaya, ku da kuka yi birebe, me kuka ajiye wa naku?"

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Madalla. To yaron da ya koyi haruffan Hausa, me zai karanta da daddare? Masu zane muna da su, dubi bayan manyan motoci da allunan masu aski a Tanut da Belbeji. Labarai kuwa sai wanda aka zaɓa: ayarin raƙuman da ke ratsa Damargu tsakanin Kano da Agadas, Kaosen, masu haƙar rijiya, ƴan tauri, Gizo na asali da Ƙoƙinsa, har ƙasusuwan dodannin da aka tono a Gadufawa, waɗanda ake kallo a gidan tarihi na Yamai. Ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa isowa hannunmu a zane gida-gida da Hausa ba.

Abin da ƙarfinmu ya kai mun fara. Akwatin ya zauna a fada, an sa masa maganin gara. Kowace Alhamis bayan la'asar yara su zo, mai fassara ya koma bakin aikinsa, da tabarau yanzu, amma da sharaɗi: ya karanta gida ɗaya, yaro ya karanta na gaba, in ba haka ba labari ya tsaya. Makon farko yara goma sha ɗaya suka zo, da mata uku a ciki. Na biyu shida. Yanzu huɗu ne ba sa fashi, kuma ɗan autan nan yana cikinsu. Spécial Strange marar bango ya ɗauke shi mako uku, yana tuntuɓe yana tashi, har ya kai shafin ƙarshe ya ce a ba shi na gaba. Muka kalli juna. Ba mu taɓa samun na gaba ba. A zamaninmu haka abin yake, ka samu tsakiyar labari babu kai babu gindi, mai fassara ya ƙaga ƙarshe, wani ya ce ba haka ba ne ya ƙaga nasa. Wani daga cikin samari ya zaro waya ya ce zai nemo mana ƙarshen a intanet yanzu-yanzu. Uban yaron ya riƙe masa hannu.

Don haka jama'a, duk mai tsohon akwati a ɗakin tsohuwarsa, a Belbeji ne ko Gangara ko Bakin Birji, ya daure ya buɗe kafin gara ta gama aikinta. In an samu Akim, Zembla, Kiwi, Kouakou, ko da rabi ne, a ba direban Tanut ya sauke a tasha, a ce na fadar masu akwati ne, zai iso. Musamman muna cigiyar Spécial Strange ɗin da ke bin namu. Namu ya yanke ne inda Tornade ke durƙushe a ƙarƙashin wani tsohon gidan sarauta, tsoron matsatsin wuri ya hana ta motsi, wani ƙato mai hular ƙarfe yana ta kayar da ƴan uwanta. Tun 1984 take durƙushe a wurin. Yaron nan ya tambaye mu sau uku ko ta tashi.